Wa Ya Fi Wa? Yadda Harshen Amharik Yake Gina Kwatanci da Fifiko

 

Maudu'in da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido, wato yadda mai magana da harshen Amharik na ƙasar Habasha yake cewa wannan ya fi wancan, ko wannan ya fi duka. Sai dai babu harshen da zai wuni bai bukaci wannan ba. Da shi ake taya kaya a kasuwa, da shi ake tambayar mai jinya ko jiki ya yi dama, da shi ake bambanta wa da ƙane, kuma da shi magabata suka ɗinka karin magana masu yawa. Abin da nake so in tabbatar muku abu ɗaya ne: Bahaushen da ya san nahawun harshensa, ya kuma taɓa zama gaban malamin nahawun Larabci, ya riga ya riƙe mabuɗai biyu na wannan babi. Ba sai ya zagaya ta Turanci ba.

Harshen da masu shi

Masu harshen suna kiransa Amarinya. Ɗan gidan harsunan Semitik ne, dangin Larabci da Ibrananci da Tigrinya da Gi'iz, tsohon harshen da cocin Habasha ke ibada da shi har yau. Gidan Semitik kuwa reshe ne na babban iyalin Afro-Asiya, inda Hausa take a reshen harsunan Cadi. Ƙidayar Habasha ta 2007 ta nuna mutum sama da miliyan 21 ne suka tashi da Amharik a baki, ban da miliyoyin da suka koye shi a makaranta da kasuwa da barikin soja. Tsarin mulkin ƙasar na 1995 ya sa shi harshen aikin gwamnatin tarayya. Shi ne harshen titunan Addis Ababa, birnin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, inda hedikwatar Tarayyar Afirka take yanzu. Hausawan gabashin Sudan, irin na Gadarif, maƙwabtan masu wannan harshe ne ta iyakar Gallabat da Matamma.

An daɗe ana nazarin nahawunsa. Bajamushe Hiob Ludolf ya buga nahawun Amharik a 1698, bisa abin da ya koya daga wani malamin coci Bahabashe, Abba Gorgoriyos. Wolf Leslau ya fitar da babban kundin nahawunsa a 1995, kuma Farfesa Baye Yimam na Jami'ar Addis Ababa ya rubuta nahawun harshen da harshen kansa.

Ana rubuta shi da baƙaƙen fidel, daga hagu zuwa dama, kowane baƙi yana da siga bakwai gwargwadon wasalin da ke biye da shi. Ni zan kawo misalaina da rubutun boko irin namu, kuma a nan ma mun yi dace, domin ƙ ɗinmu da ts ɗinmu duk suna cikin Amharik. Inda kuka ga t' ko c', a furta su da matse maƙoshi kamar yadda ake furta ƙ. Wasalin e a misalan gajere ne, tsakanin a da e, haka i ma gajere ne ƙwarai.

Hanyoyi huɗu na kwatanci a duniya

Kowane kwatanci yana da ƙafa uku: wanda ake aunawa, da wanda ake auna shi da shi, wato ma'auni, da kuma halin da ake aunawa. A jimlar "Audu ya fi Musa tsawo", Audu ake aunawa, Musa ne ma'auni, tsawo ne halin.

Masanin harshe Leon Stassen, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta littafi a kan wannan a 1985, daga baya ya kasa harsuna 167 kashi huɗu. Guda 78 suna ɗaukar ma'auni tamkar wuri, su liƙa masa kalma irin "daga" ko "a kan". Guda 33 suna amfani da aikatau mai ma'anar "fi" ko "wuce". Guda 34 jimla biyu suke jerawa, su ce wannan babba ne, wancan ƙarami ne, kamar yadda ake samu a Ostiraliya da Niyu Gini da dazuzzukan Amazon. Sauran 22 suna da wata kalma ta musamman don wannan aiki, kuma yawancinsu a Turai suke. Turanci da Faransanci suna cikin wannan kaso mafi ƙanƙanta.

Hausa tana kashi na biyu, tare da Yarabanci mai "ju" da Fulatanci mai "ɓuri". Larabci yana na farko, domin "min" da ke cikin "akbaru min" ma'anarta "daga". Amharik ma yana na farko, amma kamar yadda za ku gani, ƙafarsa ɗaya tana cikin gidanmu.

Turken awo: ke-

Tushen komai ɗafa-goshi ne ɗan ƙarami, ke- (ከ), wanda asalin ma'anarsa "daga". Idan Bahabashe ya ce "ke-Gonder met't'ahu", yana nufin daga Gondar na zo. Wannan ke- ɗin dai shi ake liƙa wa ma'auni:

Nec' t'ef ke-ƙey t'ef widd new.

Kalma bayan kalma: farin tef, daga jan tef, mai tsada ne. A Hausa: farin tef ya fi ja tsada. Tef shi ne ƙananan hatsin da ake yin injera da shi, abincin yau da kullum na ƙasar, kuma farinsa ya fi daraja a kasuwa.

Ku dubi kalmar widd, mai tsada. Ba ta sauya ko kaɗan ba. Ɗalibin Larabci ya san "kabir" sai ta koma "akbar" a babin af'alut tafdili, ɗalibin Turanci ya san sai an ƙara wa sifa wutsiya. Amharik bai da wannan sigar. Kamar mai auna gona ne: ya kafa turke a wuri ɗaya, ya ja igiya daga nan. Turken shi ne ke-. Idan ka tsaya a kan jan tef ka duba, fari mai tsada ne.

Wannan dabara ta cika yankin. Gi'iz yana amfani da "im", Tigrinya da "kab", Somaliyanci da "ka", kuma duk ma'anarsu "daga".

Akwai ƙananan dokoki uku da ya kamata a haddace. Ta farko, idan ke- ta haɗu da wasali sai su narke: ine (ni) ta zama kene, ante (kai) ta zama kante, anci (ke) ta zama kanci, issu (shi) ta zama kessu, isswa (ita) ta zama kesswa. Ta biyu, yih (wannan) da ya (wancan) suna komawa kezzih da kezziya. Ta uku, ɗafa-goshin mallaka ye- yana faɗuwa bayan ke-. "Gidana" shi ne yene bet, amma "gidanka ya fi gidana faɗi" shi ne: Yante bet kene bet yisefal.

Aikatau a gurbin sifa

Wannan misali na ƙarshe ya kawo mu ga abin da ya fi yawa a bakin mutane. Kalmar yisefal ba sifa ba ce, aikatau ce, daga seffa, wato yin faɗi. Kusan kowace sifa ta asali a Amharik tana da aikatau ɗan'uwanta daga saiwa ɗaya, kuma a wajen kwatanci aikatau ɗin ne ya fi zama a kunne:

Abbay ke-Awash yirezmal. Kogin Abbay ya fi na Awash tsawo.
T'ana ke-Ziway yisefal. Tafkin Tana ya fi na Ziway faɗi.
Dire Dawa ke-Addis Abeba timoƙallec. Dire Dawa ta fi Addis Ababa zafi.

Abbay shi ne reshen kogin Nilu da ke fitowa daga tafkin Tana ya gangara Khartum. Addis Ababa kuwa tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 2,300, shi ya sa take da sanyi. Haka ake yi da sauran: yat'ral (ya fi gajarta), yikebdal (ya fi nauyi), yiƙellal (ya fi sauƙi), yifet'nal (ya fi sauri), yit'aft'al (ya fi daɗi). Idan babu ke- a jimlar, yikebdal tana nufin "yana da nauyi" kawai. Da zarar ke- ta shigo, magana ta zama awo.

Da yake aikatau ne, dole ya bi jinsi da adadin mai aikin. A nan kunnen Bahaushe zai ji gida. Namiji yi- ne, mace ti-. Wannan t ta mace tana cikin alamomin da masana suke kafa hujja da su cewa Hausa da Larabci da Amharik iyali ɗaya ne. Kuma kamar yadda muke bambanta "ka" da "ki", haka suke yi: tirezmalleh ga namiji, tirezmiyallesh ga mace.

Aikatau huɗu da suka ɗauki kwatanci a cikinsu

Yanzu ga ƙafar da na ce tana gidanmu. Amharik yana da aikatau waɗanda ma'anarsu kanta kwatanci ce.

Na farko bellet'e (በለጠ), fi ko wuce. "Abebe ke-Kebbede yibelt'al" yana nufin Abebe ya fi Kebbede, kuma idan ba a faɗi fagen ba, yawanci girma ko shekaru ake nufi. In ana so a faɗi fagen, sai a liƙa masa be-: be-ƙumet (a tsawo), be-idme (a shekaru), be-iwƙet (a ilimi).

Almaz ke-Aster be-ƙumet tibelt'allec. Almaz ta fi Aster tsawo.

Ku aza wannan kusa da tamu jimlar. Akwai aikatau "fi", akwai ma'auni, akwai sunan halin da ake aunawa. Har ma ana iya ajiye ke- gaba ɗaya, a mai da ma'auni karɓau kamar yadda muke yi: "be-hulett amet yibelt'enyal", ya girme ni da shekara biyu. Wannan -eny- ɗin da ke tsakiya ita ce "ni". Idan mace ake yi wa magana, t' tana komawa c': tibelt'alleh ga namiji, tibelc'allesh ga mace. Ganɗantawa ce irin wadda ta mai da "mota" zuwa "motoci".

Na biyu annese (አነሰ), gaza ko kasa. "Yih kezziya yansal", wannan bai kai wancan ba. Daga saiwarsa aka sami tinnish (ƙarami) da tannash (ƙane ko ƙanwa), kishiyar tallaƙ (wa ko ya). Tallaƙ wendim shi ne yaya namiji, tannash ihit ita ce ƙanwa.

Na uku teshale (ተሻለ), fi kyau ko fi dama. "Ke-bunna shay yisshalal", shayi ya fi gahawa. Mai saye zai nuna kaya biyu ya ce, "Ke-hulettu yetinyaw yisshalal?", wato cikin biyun nan wanne ya fi? Idan aka saka wakilin suna, sai ya zama zaɓin rai: yisshalenyal, ya fi mini. Da wannan aikatau ake gaida mai jinya: "Teshaleh?" ga namiji, "Teshalesh?" ga mace, daidai da namu "ya jiki, da sauƙi?" Shi kuma ya amsa "teshilonyal", na sami sauƙi.

Na huɗu base (ባሰ), fi muni ko tsananta. "Zare ke-tinant yibisal", yau ta fi jiya muni. "Basebbet", ciwon ya tsananta masa. In abu kullum sai ƙara lalacewa yake yi, su ce "iyyebase met't'a".

Korewa tana da sauƙi: aybelt'im (bai fi ba), ayansim (bai gaza ba), ayisshalim (bai fi dama ba).

Waɗannan kalmomi sun shiga har cikin sunayen yanka. Belete na nufin "ya fi", Beletech "ta fi", Yibeltal "yana fi", Teshale "ya fi dama", Belaynesh "ke ce a sama". Belay Zeleke, jarumin Gojjam da ya yaƙi sojojin Italiya bayan mamayar 1935, sunansa na nufin "a sama". Mu ma muna da Gwamma cikin sunayen mata.

Kalmomin ƙarfafawa

Daga waɗannan aikatau aka ciro wasu kalmomi da suka daskare suka zama kayan aikin kwatanci. Yibelt' da yebellet'e suna nufin "ƙari" ko "mafi". Yeteshale, mafi kyau. Yannese, mafi ƙaranci. Yebase, mafi muni. Ye- ɗin da ke gabansu ita ce ta "wanda", don haka yeteshale menged ma'anarta ta zahiri "hanyar da ta fi", daidai da namu "mafi", wadda ita ma daga "fi" aka gina ta. A rubutun jarida da takardun ofis za ku riƙa ganin "yebellet'e widd new" a inda ɗan kasuwa zai taƙaita.

Akwai kuma yiliƙ (ይልቅ), daga laƙe, wato ɗara ko zarce. Tana zuwa bayan ma'auni, ita da ke- su sa shi a tsakiya:

Ke-bunna yiliƙ shay iweddallehu. Na fi son shayi a kan gahawa.

Amfaninta shi ne ta fito da kwatancin fili a inda aikatau ɗin ba na awo ba ne, kamar so ko ci ko karatu. Ba tare da ita ba, mai sauraro zai iya ɗaukar ke- a ma'anarta ta "daga". Ga adadi kuma ana cewa ke-meto belay, sama da ɗari, ke-meto betac, ƙasa da ɗari. Biyans, "in ya gaza", ita ce aƙalla. Bibeza, "in ya yi yawa", ita ce iyakarsa ke nan.

"Da kaza gara kaza"

Ga wurin da harsunan biyu suka fi kama da juna. Bahaushe yana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, da babu gara ba daɗi. Abin da aka ƙi shi ke zuwa farko da "da", abin da aka zaɓa ya biyo baya. Tsarin Amharik ke nan sak:

Kemmittihed bittiƙer yisshalal. Da ka tafi gara ka zauna.
Ke-mehed meƙret yisshalal. Da tafiya gara zama.

Karin maganarsu cike suke da wannan gini. Suna cewa "ke-ruƙ zemed ƙirb gorebet yisshalal", da ɗan'uwa na nesa gara maƙwabci na kusa. Suna kuma cewa "tammo kememmaƙeƙ asƙeddimo met't'enƙeƙ", da a kwanta ciwo ana fama gara a yi hattara tun da wuri, wanda shi ne namu rigakafi ya fi magani. Ku lura a wannan na biyu babu yisshalal sam. An bar ke- ita kaɗai ta ɗauki nauyin kwatancin, ɓangarorin biyu kuma suka ƙare da amsa-amo ɗaya. Wannan ya nuna irin ƙarfin da ɗan ƙaramin ɗafa-goshin yake da shi. Ɗalibin da aka koya wa wannan babi ta hanyar "da… gara…" zai kama shi a zama ɗaya, domin tsarin tunanin yana bakinsa tun yana yaro.

Fifiko a kan duka

Turanci yana da siga ta uku ta musamman don "mafi duka". Amharik bai da ita, kamar yadda Hausa ba ta da ita. Mu muna cewa ya fi kowa, ya fi duka. Su kuma suna sa hullu (ሁሉ), wato "duka", a gurbin ma'auni: ke-hullu ko ke-hullum.

Ke-hullum yibelt'al. Ya fi duka.
Ke-hullum yih yisshalal. Cikin duka wannan ya fi.

Idan za a ambaci rukunin, sai a sa shi tsakanin ke- da hullu:

Ras Dashen ke-Ityop'ya teraroc hullu tilliƙu new.

Wato Ras Dashen ne mafi girma cikin duwatsun Habasha, kuma haka ne, domin tsayinsa ya haura mita 4,500. Ku dubi tilliƙu. Tilliƙ na nufin babba, -u kuwa ita ce ɗafa-ƙeyar da ke fayyace abu sananne, kamar -n da -r namu. Ga mace -wa ce: tilliƙwa. "Babban" kawai aka ce, amma da yake an ware shi daga cikin taro, ya zama mafi girma. Mu ma haka muke yi. Idan an ce "babban ɗansa" ko "ƙaramarsu", kowa ya san na fari da auta ake nufi, ba a bukatar "mafi". Tilliƙu lij shi ne babban ɗa, tinnishwa lij ita ce 'yar auta.

Tallaƙ ma tana ɗaukar wannan -u a wajen girmamawa. Gasar gudun kilomita 10 da Haile Gebrselassie ya assasa a Addis Ababa a 2001 sunanta Tallaƙu Ruc'a, Babban Tsere. Madatsar ruwan da aka fara ginawa a kan Abbay a 2011 ma da Tallaƙu sunanta ya fara.

Akwai wasu hanyoyin. Mirt', daga aikatau merret'e (zaɓa), na nufin zaɓaɓɓe, kuma ita ce kalmar talla: mirt' bunna, gahawa ta gani ta faɗa. Andenya, "na ɗaya", tana aiki kamar namu "lamba ɗaya". Bet'am da ijjig suna nufin ƙwarai da matuƙa, har a haɗa su a ce ijjig bet'am. Amma a kula, waɗannan biyun ƙarfafawa kawai suke yi, ba sa auna abu da wani. "Bet'am tilliƙ" babba ne ƙwarai, ba mafi girma ba.

Sai kuma tsohuwar hanya da aka gada daga Gi'iz, ta jingina tilo ga jam'insa. Niguse Negest, Sarkin Sarakuna, shi ne laƙabin sarakunan Habasha har zuwa kan Haile Selassie, wanda aka naɗa a 1930 aka tuɓe a 1974. Liƙe Liƙawint, malamin malamai, muƙami ne a coci. Wanda ya saba jin gwanin gwanaye ba ya bukatar sharhi a nan.

Daidaito

Ba kullum ake fifiko ba, wani lokaci kunnen doki ake yi. Inde na nufin "kamar": inde mar yit'aft'al, yana da daɗi kamar zuma. Aikatau akkele shi ne namu "kai": "Almaz Asterin taklallec", Almaz ta kai Aster. Wannan -n ɗin da ke jikin sunan Aster ita ce alamar karɓau. Daga wannan aikatau aka sami yahil, "gwargwadon": "yanten yahil genzeb yellenyim", ba ni da kuɗi kamar naka. Min yahil? na nufin nawa, ko kamar yaya yawansa. Daga saiwar dai aka sami ikkul, daidai: "Almaz ke-Aster gar ikkul nat", Almaz daidai take da Aster.

In kun jera su za ku ga fi da bellet'e, kai da akkele, gaza da annese, gara da yisshalal. Sikeli ne mai hawa ɗaya, kowanne da takwaransa.

Inda ake tuntuɓe

Duk da wannan kama, akwai babban bambanci, kuma a tsarin jimla yake. Mu aikatau ɗinmu yana zuwa da wuri: da ka ji "ya fi" ka san awo ake yi. A Amharik aikatau ne ke rufe jimla, ke- kuma tana da ayyuka da dama. Ku saurari waɗannan huɗu, duk farkonsu ɗaya:

Ke-Almaz debdabbe derreseny. Wasiƙa ta iso mini daga Almaz.
Ke-Almaz gar met't'ahu. Na zo tare da Almaz.
Ke-Almaz behwala gebbahu. Na shiga bayan Almaz.
Ke-Almaz irezmallehu. Na fi Almaz tsawo.

Tafintan da ya yi gaggawar cewa "daga Almaz" zai yi daidai sau ɗaya, ya kauce sau uku. Dole a yi haƙuri a ji ƙarshen magana. Kuskure na biyu shi ne juya ma'auni. Da yake ana iya fara jimla da ke-, kamar a "ke-bunna shay yisshalal", kunnen Bahaushe yana so ya ba wanda aka fara ambata nasara, alhali shi aka kayar. Dokar ita ce: a kwatanci, duk wanda ke- ta liƙe wa, shi ne ma'auni.

Me ya sa harshen Semitik ya tura aikatau ƙarshe, alhali Larabci da Gi'iz sukan sa shi gaba? Amsar da masana suka fi bayarwa ita ce doguwar cuɗanya da harsunan Kush na tsaunukan Habasha, musamman Agaw, waɗanda aikatau ɗinsu a ƙarshe yake. Leslau ya rubuta maƙala a kan wannan tasiri tun 1945. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincikensa na farko a ƙasar Kano cikin 1938 da 1939, kuma shi ya tabbatar wa harsunan Cadi gurbinsu a iyalin Afro-Asiya, ya nuna a 1963 cewa harsunan da ke sa ma'auni da alamarsa kafin sifa su ne masu ajiye ƙananan kalmomin dangantaka bayan suna. Ginin ke-bunna yiliƙ yana ɗauke da tarihin nan biyu a jikinsa: ke- a gaba gadon Semitik ce, yiliƙ a baya kuwa ta bi tsarin maƙwabta.

Kammalawa

'Yan'uwa, ga abin da za ku tafi da shi. Sifa ba ta sauyawa. Ma'auni yana ɗaukar ke-. Aikatau ya fi sifa yawa a baki. Idan ma'aunin ya zama hullu, an sami fifiko a kan duka. Larabci ya ba mu fahimtar "daga", Hausa ta ba mu fahimtar "fi" da "kai" da "gara".

Abin da ke damuna shi ne yadda muka saba haɗuwa da harsunan nahiyarmu ta hannun baƙo. Littafin da aka rubuta don Bature dole ya ɓata shafuka yana lallashinsa cewa babu sigar "mafi duka", cewa "fi" aikatau ce, cewa akwai bambanci tsakanin "ka" da "ki". Ɗan Hausa da ya karanta wannan littafi zai sha wahalar da ba tasa ba, ya kuma rasa ganin kamannin da ke gabansa. Don haka ina kira ga ɗalibanmu na sashen harsuna, musamman masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, su ɗauki babi ɗaya irin wannan, su zauna da masu harshen, su tara jimloli na gaske daga baki da jarida da karin magana, su rubuta sakamakon da Hausa. A yi wa Amharik, a yi wa Oromo da Somaliyanci da Tigrinya. Ina kuma roƙon iyayena malamai su karɓi irin wannan aiki hannu biyu, su ba shi daraja daidai da wanda aka rubuta da Turanci.

 Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.